Baƙin wuyan Amarya

A wata unguwa ta birnin Maradi akwai wata mata da ta shekara shida a ɗakin mijinta, amma har yau Amarya ake kiranta. Sa'o'inta da aka ɗaura musu aure shekara ɗaya da ita duk sun zama Maman wane da Maman wance. Ita kuwa ba ta da ɗan da za a kira ta da sunansa, saboda haka sunan amarci ya manne mata. Tun yana yi mata daɗi har ya koma yana sukan ta.

Tun tana budurwa al'adarta ba ta da tsayayyar rana. Sai ta yi wata uku, wani lokaci huɗu, ba ta ga jini ba. Manya suka ce aure zai gyara. Aure ya zo, bai gyara ba. Sai ma gashi ya fara tsiro mata a haɓa, tana tsige shi a ɓoye, ƙuraje suka ƙi barin fuskarta, ƙiba ta taru mata a ciki. Ƙibar dai an yaba, aka ce aure ya karɓe ta. Abin da ba a yaba ba shi ne wuyanta: bayansa ya yi baƙi, fatar ta yi kauri da laushi kamar karammiski, haka ma hammata.

Uwar mijinta takan ce: "Amarya, ki riƙa cuɗa wuyan nan. Mace da dauɗa a wuya, ina daɗin gani?"

Ta cuɗa da soso, ta goga da dutse har fata ta saɓule, ta shafa man canza fata. Baƙin bai gusa ba. Wajen neman haihuwa kuma ta sha rubutu, ta sha sassaƙe, ta yi hayaƙi. Sau ɗaya a wani ɗakin shan magani aka soki yatsarta da safe kafin ta karya, aka rubuta 0,98, aka ce ba ta da sukari. Ta adana takardar a ƙasan akwati kamar shaidar wanke kai. A cikin shekara ta shida aka fara zancen kishiya a gabanta, ba a ko rage murya.

Wannan zance ne ya kai ta matanite, wurin wata likitar mata mai furfura. Likitar ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta ce ta ɗan zame mayafi. Amarya ta sunkuyar da kai don kunya.

Likita ta ce: "Ɗiyata, daina wahalar da fatarki. Wannan ba dauɗa ba ce, jikinki ne yake magana. Akwai mai ciwon sukari a danginku?"

Akwai. Innarta da kakarta ta wajen uwa.

Ciwon da likita ta yi zato shi ne wanda ake taƙaitawa da SOPK a faransanci, wato rikicewar ma'ajin ƙwan mace. Ba sabon abu ba ne. A 1921 likitoci biyu na Faransa, Achard da Thiers, sun rubuta bayani kan ciwon sukari a jikin mata masu gemu. A 1935 Stein da Leventhal, a birnin Shikago na Amurka, suka bayyana mata bakwai masu ɗaukewar al'ada da kumburin ma'ajin ƙwai. A taron Rotadam na 2003 aka tsayar da ƙa'ida: cikin alamomi uku, biyu sun isa, bayan an tabbatar ba wani ciwon ne ya kawo su ba, kamar na maƙoshi. Alamomin su ne al'ada mai tsallake, yawan sinadarin maza a jiki, da tarin ƙananan jakunkunan ƙwai a hoton ciki. Kimanin mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa tana da shi, kuma mafi yawansu ba su sani ba.

To, me ya haɗa ma'ajin ƙwai da wuya? Insulin. Wannan sinadari ne da wata gaɓa mai suna pankireyas, a bayan tumbi, take zubawa cikin jini bayan an ci abinci. Aikinsa shi ne buɗe wa sukari ƙofa ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. A jikin yawancin mata masu wannan ciwo, tsoka tana yi wa insulin kunnen ƙashi. Sai pankireyas ta ninka abin da take zubawa don a ji ta. Yawan insulin ɗin nan shi ke tunzura ma'ajin ƙwai ya riƙa fitar da sinadarin maza, ƙwai ya kasa nuna, al'ada ta tsallake, gashi ya tsiro. Shi ne kuma yake sa fatar wuya da ta hammata ta yi kauri ta yi baƙi. Ba masu ƙiba kaɗai abin yake samu ba, har da sirara.

Amarya ta fito da takardarta ta ƙasan akwati. Likita ta duba, ta ce lambar gaskiya ce, amma ba ta faɗi komai da komai ba. Muddin pankireyas tana iya ninka aiki, awon safe kan fito lafiya lau shekara da shekaru, alhali ɓarna tana tafiya a ƙarƙashi. Ramin da ciyawa ta rufe ya fi buɗaɗɗe haɗari.

Auna insulin kansa a cikin jini bai cika amfani ba, don sakamakon yana bambanta daga labo zuwa labo, shi ya sa ƙa'idar likitocin duniya ta 2023 ba ta ba da shawarar yin sa ba. Akwai awon HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin kimanin wata uku, amma yakan yaudari mai sikila ko mai ƙarancin jini, waɗanda ba su da wuyar samu a ƙasar nan. Wanda ƙa'idar ta fifita shi ne awon awa biyu, musamman ga mai neman ciki. Likita ta rubuta mata shi, ta kuma zagaya ƙugunta da tef ɗin awo: santimita 96. Ga mace, daga 80 ake fara sa ido.

Maigida ya yi gunaguni a kan kuɗin, yana cewa haihuwa aka je nema, ba sukari ba. Amma ya biya. Ta kwana ba ta ci komai ba sai ruwa. Da safe aka ɗebi jini, aka ba ta garam 75 na sukarin gulukos a narke cikin kofin ruwa, ta shanye cikin minti biyar, zaƙin na tayar mata da zuciya. Ta zauna a kan benci awa biyu, ba ci, ba yawo, sannan aka sake ɗiba.

Lissafin a bayyane yake. A awon safe, garam 1,26 a lita ko fiye ciwon sukari ne. Bayan awa biyu, ƙasa da 1,40 lafiya ne, daga 2,00 ciwon sukari ne, tsakaninsu kuwa bakin ƙofa ne. Nata na safe ya sake fitowa lafiya. Na awa biyu ya nuna 1,68.

Ta yi kuka a bakin labo. Da ta koma, likita ta ce: "Ɗiyata, mai bakin ƙofa bai shiga ɗaki ba tukuna. Gara da aka gani yanzu, da a gano shi kina da ciki ko kina da shekara arba'in." Ta bayyana mata cewa rage kilo biyar zuwa goma cikin kowane ɗari na nauyin jiki yakan dawo wa mata da yawa da al'adarsu. Ta rubuta mata metformin, ta gargaɗe ta cewa yakan ɓata ciki a farko. Ta hana ta ƙwayoyin ƙiba na ƴan talla, don wasunsu suna ɗaga sukari. Ta ce idan al'ada ta wuce wata uku ba ta zo ba, ta dawo, don bangon mahaifa yana buƙatar kariya. Akwai kuma maganin nunar da ƙwai, irin su letrozol, idan lokacinsa ya yi, bayan an auna maigida shi ma. Awon sukari kuwa za a riƙa maimaita shi tsakanin shekara ɗaya zuwa uku, ko ta haihu ko ba ta haihu ba.

Amarya ta bar lemun kwalba da shayi mai sukari, ta rage burodi da shinkafa, ta ƙara wake da kwaɗon zogala, ta koma zuwa kasuwa da ƙafa. Da ta fara faɗawa, maƙwabta suka ce zancen kishiya ne yake cin ta. Ta ƙyale su. Cikin wata takwas ƙugunta ya ragu, baƙin wuyan ya soma dusashewa, al'ada ta zo sau uku a jere. Ciki dai bai samu ba tukuna, zancen kishiya kuma bai mutu ba.

Ran nan da hantsi ta fito tsakar gida, ta tarar uwar miji ta danne autarta, ƴar shekara goma sha shida, tana dirzar wuyanta da soso, yarinyar na hawaye. Amarya ta tsaya ta dubi wuyan. Sannan ta durƙusa, ta riƙe sosan da hannu biyu.

Ta ce: "Inna, don Allah a bar shi haka. Ki ba ni ita gobe da safe, kada ta karya. Na san inda za mu."