BAƘO RAƁA NE: WATA UKU INA KAI ABINCI TEBUR A GARIN JOS

 Duk shekara in dogon hutu ya kawo jiki, ko an gama jarrabawar fita sakandare an dawo zaman jiran sakamako, maganar 'yan mata ba ta wuce ɗaya: zaman gida ya ishe ni, ina ma in sami ɗan aikin da zan riƙa samun na sabulu da man shafawa. To amma da zarar an ce ga aiki a gidan abinci sai kowa ta ja da baya, don a wajenmu ko gidan tuwo ne in dai da tebur da kujera sunansa otal, kun kuwa san nauyin kalmar nan a kunnen iyaye da samari. Ni na yi wannan aiki wata uku cur a garin Jos a daminar 2021, shi ya sa na ga ya dace in ba ku labarin garin da na aikin, kowacce ta auna da hankalinta.

Wadda ba ta taɓa zuwa Jos ba, in kin taso daga Kano ta Kwanar Ɗangora, kika ratsa Tudun Wada da dajin Falgore, kika wuce Saminaka da Jengre, za ki ji mota ta fara nishi tana hawa, iskar da ke shigowa ta taga ta sauya. Garin a kan tudu yake, tsayinsa daga teku ya kai mita 1,200, shi ya sa in mutanen Kano suna fifita a tsakar gida, na Jos bargo suke ja. Ga duwatsu an ɗora wani kan wani kamar da hannu aka jera su, ga ciyawa kore shar. In damina ta yi nisa, ruwa sai ya wuni yana zuba, wani lokaci har da ƙanƙara.

Kuza ce ta raya garin tun farkon zuwan Turawa, ita ta jawo Hausawa da Ibo da Yarabawa suka zauna tare da Birom da Anaguta da Jarawa da suka tarar, Hausa kuma ta zama harshen kasuwa na kowa. Da harkar kuza ta ja baya, sai ya zama sanyi da duwatsu ne ke kawo baƙi, har Jihar Filato, wadda aka ƙirƙiro a 1976, take yi wa kanta kirari da gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido. Ramukan da masu haƙar kuza suka bari sun cika da ruwa, irin na Rayfield da ake zuwa shan iska a bakinsa.

Gwaggona, ƙanwar Babanmu, a can take aure ta wajen Bauchi Road, ita ta samo mini aikin a wani gidan abinci na wata mata da muke kira Madam. Sai da aka kai ruwa rana kafin Baba ya yarda, shi ma da sharaɗin a gidan Gwaggo zan kwana, kuma magariba ta yi mini a gida. Daren da zan fara Gwaggo ta zaunar da ni ta ce, "'Yar nan, ki buɗe kunnenki. Abinci aka ɗauke ki ki kai, ba hira ba. Wanda ya ba ki tukwici a kan tebur a gaban mutane ki karɓa ki yi godiya, wanda ya ce ki same shi a mota ki ce masa Allah ya ba da haƙuri. Baƙo raɓa ne, rana na fitowa ba ki ganin sa." Na ce, "To Gwaggo, in sha Allahu zan kiyaye."

Mu huɗu ne masu kai abinci, ni da wata 'yar Birom da ta girme ni da shekara biyu, da wata Bayarabiya, sai wani yaro ɗan Bauchi. Bakwai na safe muke isa, hannu ya ƙandare da sanyi, mu share, mu goge tebura goma sha biyu, mu jera cokula da kofuna. Kafin nan Madam ta dawo daga kasuwar Farin Gada da buhun kabeji da karas da latas da koren wake, kayan lambun da a Kano sai ranar biki ake ganin su da yawa haka, a can kuwa tuli guda ake sayarwa. Dankalin Turawa daga Bokkos da Mangu ake kawo shi, shi ne kuma abin da baƙi suka fi tambaya da safe, soyayye da ƙwai da shayi mai kauri. Da rana shinkafa dafa-duka da sakwara da tuwon acca, sai gwaten acca mai ganye wanda duk baƙon da ya ɗanɗana sai ya nemi ƙari. Da yamma farfesun kayan ciki da na kifi ke tafiya saboda sanyi.

Ke 'yar uwa, aikin nan a ido kamar wasa, amma ƙafa ce ke biya. Daga sha biyu zuwa uku babu zama, tire a hannu, kanki cike da lissafin wane ya ce ban da yaji, wance ta ce a ƙara miya. Dokar gidan ita ce wadda ta fasa faranti ita za ta biya, kwastoman da ya sulale bai biya ba kuwa daga albashin mai teburin za a cire, saboda haka ido ɗaya na kan abinci, ɗaya na bakin ƙofa. Albashina N15,000 ne a wata, rabin mafi ƙarancin albashin da gwamnati ta yanka a 2019, wato N30,000, sai abincin rana da kuma canjin da baƙi kan ce a riƙe. Madam ba ta hana ni sa hijabi ba, sai dai ta ce ya zama ƙarami don kada ya shiga miya, ta kuma ware mana wani lungu a bayan kicin inda nake sallar azahar da la'asar.

A bayan tire na koyi karatun mutane. Akwai ango da amarya 'yan Kano ko Kaduna da suka zo cin amarci, su ba sa ganin kowa, ko gishiri ya yi yawa ba su sani ba. Akwai ma'aikatan Abuja da aka kawo taro, masu yawan kira da neman rasit. Akwai 'yan fim da ke zuwa ɗaukar waƙa a kan duwatsu, su shigo da hayaniya su cika gida da dariya. Akwai Alhajin da zai zo da mata biyu da 'ya'ya tara, ya ce a haɗa tebur uku, shi ne kuma sau da yawa zai tambaye ki 'yar wace unguwa ce, ya sa miki albarka. Akwai kuma wanda ba zai ɗaga kai ya dube ki ba, sai dai ya ƙyasta yatsa ya ce "ke!" Irin wannan, abokiyar aikina 'yar Birom ta koya mini maganinsa: ki tsaya daidai gabansa ki ce, "Yallaɓai sannu da zuwa, me za a kawo?" da murya a natse, sai ki ga shi da kansa ya gyara zama.

Babbar Sallah ta faɗo ranar 20 ga Yuli a shekarar, kwana uku ba mu san inda kanmu yake ba. Jama'a sun yi dafifi zuwa gidan zu da gandun namun dajin nan na hanyar Miango da aka kafa a 1972, in sun gaji su biyo ta wajenmu. Abin dariya, kullum ni ke yi wa baƙi kwatancen wuraren nan, in ce ku je dutsen Shere wanda ya haura mita 1,800, ku tsaya a dutsen Riyom ku ɗauki hoto, in za ku koma Abuja kada ku wuce ruwan Assop da ke gangarowa ta wajen Hawan Kibo, alhali ni ban taɓa taka ko ɗaya ba. Ranar Litinin kaɗai nake hutu, ita ma wanki ke cinye rabinta. Sau ɗaya na samu muka je gidan tarihi da ɗiyar Gwaggo, wanda wani Bature Bernard Fagg ya kafa a 1952, muka ga kawunan yumɓu na mutanen Nok masu shekara fiye da 2,000. A kusa da shi an gina kwaikwayon ganuwar Kano da na tsohon masallacin Juma'a na Zariya, na tsaya ina kallon ganuwar garinmu a garin wasu, sai kewar gida ta kama ni.

A cikin hidimar Sallar nan ne wani saurayi ɗan gayu da ya zo daga Abuja ya ƙyalla ido a kan abokiyar aikinmu Bayarabiya. Kullum teburinta yake zama, ya bar mata canji mai tsoka, har ya ce zai buɗe mata shagon ɗinki, zai kuma turo magabatansa bayan damina. Yarinya ta ɗauki maganar da gaske, ta daina adashen da muke zubawa, ta fara sayen kayan kicin. Ni ma ba a bar ni ba, sau uku ana tura mini lambar waya a cikin takardar rasit, nakan haɗa da sauran takardu in zuba a kwandon shara, maganar Gwaggo na yi mini amo a kunne.

Ranar Asabar 14 ga Agusta, muna tsakiyar aiki labari ya shigo cewa an tare matafiya a hanyar Rukuba an kashe fiye da mutum 20. Wallahi kafin ka ce kwabo gidan ya zama wayam, wasu ko abincin ba su ƙarasa ba. A nan na ga abin da baƙo ba ya gani. Tun rikicin 2001, da na 2008 da 2010, unguwannin Jos da yawa sun rabu, kowa ya san inda zai bi da inda ba zai bi ba in gari ya ɗauki zafi. Madam ta rufe ƙofa ta tambayi kowa unguwarsu, ta sa direbanta ya kai ni har inda zai iya tsayawa, mijin Gwaggo ya tare ni a can. Gwamnati ta sa dokar hana fita, washegari ta mayar da ita ba dare ba rana a Jos ta Arewa. An ɗan sassauta ke nan sai aka kai wani harin a ƙauyen Yelwan Zangam, aka sake rufe gari. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙuri.

Duk tsawon zaman nan, babu ranar da 'yar Birom ɗin nan ba ta kira ni ba, "Ƙawata kuna lafiya? Akwai abinci a gida?" Ni ma in tambaye ta mamanta. Da aka buɗe gari muka koma, kabeji ya ruɓe, naman firji ya lalace, tebur goma sha biyu amma a wuni da ƙyar a zauna a uku. Kwanakin da muka yi aiki kawai aka biya mu a watan, ba kuma don mugunta ba, ita kanta Madam sai da ta ci bashi ta sake sayen kaya. Mai tasi da mai hoto a bakin gidan zu da mai sayar da dankali a bakin titi, kowa ya ji a jikinsa. Saurayin Abuja kuwa tun ranar da abin ya faru ya kama hanya, lambarsa ta daina shiga, ko sannu da jaje bai aiko ba. Yarinyar nan ta yi kuka har ta gode Allah, mu muka haɗa mata kuɗin motar zuwa aiki na sati biyu.

A ƙarshen Satumba na dawo Kano da abin da na tara a adashe, wanda bai taka kara ya karya ba, amma da shi na sayi takardu da biro na fara rubuta littafina na farko, na kuma yi wa Mama atamfa da gumina.

To 'yan uwa, mai son irin wannan aiki ga abin da zan ce mata. Kada ki je sai da yardar iyaye, kuma ya zama akwai babba naki a garin da za ki kwana a gabansa. Ki san mai gidan abincin, ki san ko ana sayar da giya, ki yi maganar albashi da lokacin tashi tun kafin ki ɗauki tire. Ki riƙa ajiye wani abu tun watan farko, domin garin da ke ci daga hannun baƙi yau cike yake gobe wayam. Ki kyautata wa baƙo iyakar iyawarki, haƙƙinsa ne, amma alƙawarinsa ki bar shi a kan tebur tare da farantin da ya ci. Waɗanda za ki riƙe da hannu biyu su ne abokan aikinki da mutanen garin, su ne za su neme ki ranar da hanya ta rufe. In kuma Allah ya kai ki Jos yawon shan iska, kika zauna wata ta kawo miki abinci, ki dube ta ki ce sannu, ƙila tun bakwai na safe take tsaye.

Allah ya zaunar da Jos lafiya, ya zaunar da ƙasarmu baki ɗaya.