Ɗan ina ne shi?

Jama'a, yau ba maganar tsadar kuɗin makaranta zan yi ba, ko da yake ba su rasa nasaba. Wani abu ne ya tsaya mini a rai tun hutun da ya wuce, na ce bari in amayar a nan.

Akwai wani yaro a layinmu a Kafanchan. A 2010, shekarar da yunwa ta addabi Nijar, mahaifiyarsa ta taho da shi daga wani ƙauye a yankin Maraɗi yana ɗan shekara uku, mahaifinsa ya riga ya rasu. Ba fasfo, ba takardar haihuwa. A nan ya yi firamare da sakandare, a bakin tashar jirgin ƙasa ya koyi ƙwallo. Ni na riƙa yi masa lesin ɗin lissafi, kuma wallahi ya fi ni kai. Ya ci JAMB, ya samu gurbi.

Da muka zauna cike fom ɗin tallafin karatu sai muka iso inda ake neman takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Ya ɗago ya ce, “Yaya, wace zan rubuta?” Na rasa ta cewa.

Mun je wani ofis, jami'in ya tambaye shi garin kakansa. Yaron ya faɗi gaskiya. Mutumin ya rufe fayil ya ce ba huruminsu ba ne. A bakin ƙofa wani ya ja ni gefe, wai in an “ga ido” takarda za ta fito kafin la'asar.

Da na dawo na duba dokar da kaina. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 bai ce haihuwa a Najeriya kaɗai ta isa ba, balle tashi a cikinta. Sai ɗaya daga iyaye ko kakanni ya kasance ɗan ƙasa. Sashe na 27 ya ba baƙo damar neman zama ɗan ƙasa bayan shekara 15, amma shugaban ƙasa ne ke bayarwa, kuma da me zai tabbatar da shekarun tunda ba inda aka rubuta shigowarsa? Rancen ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024 ma don 'yan ƙasa aka yi shi. Ga shi Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025. Can ba wanda ya san shi, nan takarda ba ta san shi ba.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne ni kaina. A Kafanchan aka haife ni, amma takardata ta wata ƙaramar hukuma ce a jihar Katsina, garin kakana, inda sau biyu tak na taɓa zuwa. Da ita na ci tallafi a digirin farko, da ita na shigo digiri na biyu. Garin nan kuwa jirgin ƙasa ne ya tara shi, kakannin da yawa daga cikinmu zuwa suka yi. Bambancina da yaron nan, nawa kakan ya taso ta wannan gefen iyaka.

Ba mu kaɗai ba ne. A Amurka akwai waɗanda aka shigar da su suna yara ba takarda. Obama ya kawo shirin DACA a 2012, ya ba su damar aiki ba tare da fargabar kora ba, amma tallafin karatu na tarayya bai shafe su ba. Sai wasu jihohi irin su Kalifoniya suka buɗe musu nasu. Mu nan ko sunan matsalar ba mu sa ba tukuna.

Ba zan ɓoye muku ba, na roƙi Baba ya ce ɗansa ne. Baba ya yi shiru, sannan ya ce, “In ka ɗora shi a kan ƙarya, ranar da aka tono, digirin ne zai fara tafiya.” Na ji haushi, amma na kasa musa masa. Shi da kansa ya fara ajiye kuɗi, 'yan layi suka yi karo-karo, muka biya zangon farko. Na biyu ne ban san inda zai fito ba.

Don haka ga roƙona. Ƙungiyoyinmu na ɗalibai da na tsofaffin ɗalibai, in za ku raba tallafi, ku bar gurbi ko ɗaya da ba a tambayar garin kaka. Shaidar firamare da ta mai unguwa ta isa. Masu karatun lauya kuma, wanda ya san hanyar sashe na 27 a aikace ya yi mini magana ta akwatin saƙo. Yaron yana aji yanzu haka, kuma zango ba ya jiran kowa.