Sai da Na Je Dakar Na Haɗu da Maƙwabcina

Na baro Kano a tsakiyar bazarar 2025, lokacin da ko inuwa ba ta da daɗin zama, na sauka Dakar na tarar da iskar teku mai sanyi, har sai da na nemi mayafi da daddare. Birnin ya kutsa cikin Tekun Atalantika kamar ɗan yatsa, daga shi babu sauran ƙasa ta yamma sai ruwa. Taron ƙara wa juna sani ne ya kai ni, na malaman jami'a masu nazarin siyasar duniya da zamantakewa da tarihi, kuma mako biyu na yi.

Duk wanda ya karanci kimiyyar siyasa a Zariya ko Kano ya san sunan CODESRIA, majalisar da ke haɗa masu binciken zamantakewa na Afirka baki ɗaya. A 1973 aka kafa ta, kuma Samir Amin, masanin tattalin arziki haifaffen Alƙahira, shi ya fara riƙe ta. Shi ne mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana bayanin cewa talaucin ƙasashenmu da arzikin Turai igiya ɗaya ce ta ɗaure su, kuma ba za mu miƙe ba sai mun daina tsara tattalin arzikinmu don biyan buƙatar wasu. Bayansa an yi Thandika Mkandawire na Malawi, an yi Achille Mbembe na Kamaru, an yi Adebayo Olukoshi, wanda ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello. Ofishin yana kan titin Cheikh Anta Diop. Da na tsaya gaban kantocin littattafansu sai na riƙa cin karo da tsofaffin abokai: ga littafin da Mkandawire ya rubuta tare da Charles Soludo a 1999 a kan ɓarnar da shirin SAP ya yi, ga wanda Ayesha Imam da Amina Mama da Fatou Sow suka shirya a 1997 a kan matsayin mata a cikin bincike. Waɗannan littattafai mun karanta su a kwafin da aka yi ta buga hotonsa har rubutun ya dushe. Ranar na riƙe na ainihi a hannuna, a gidan da aka haife su.

Amma abin da ya fi kama zuciyata shi ne yadda ake musu. Muna zaune mutum kusan talatin, daga Misira har Mozambik, kowa da na'urar saurare a kunne, tafintoci na juya magana tsakanin Faransanci da Turanci da Fotugis. Ranar da aka zo batun ficewar Mali da Burkina Faso da Nijar daga ECOWAS, wadda ta tabbata a Janairun 2025, ɗakin ya ɗau zafi. Wani dattijon farfesa, furfura fari fat, ya ce korar sojan Faransa a kawo na Rasha sauya ubangida ne kawai. Sai wata ɗaliba mai neman digirin digirgir daga Bamako ta miƙe, ta gaishe shi da ladabi, sannan ta ce masa bai zauna a garin da aka yi shekara goma ana jiran tsaro daga baƙi bai zo ba, kuma a Janairun 1994 da aka zabge rabin darajar kuɗin sefa a dare ɗaya, babu wanda ya nemi shawarar mahaifiyarta mai sayar da atamfa. Na zuba ido in ga yadda dattijon zai yi. Ya ciro alƙalami ya rubuta abin da ta faɗa. Da ya tashi amsawa sai ya bi hujjojinta ɗaya bayan ɗaya, ya karɓi biyu, ya ƙi ɗaya, bai ambaci shekarunta ko nasa ba. Da la'asar na gan su a gindin bishiya ana zuba musu shayin ataya, wanda ake sha kofi uku, suna ci gaba daga inda suka tsaya. Ilimi a irin wannan wuri yake yaɗo.

Mutanen Sanagal kuwa suna da abin faɗa a kan dimokuraɗiyya, don ƙasarsu ba ta taɓa ganin juyin mulkin soja ba. Sun ba mu labarin yadda Shugaba Macky Sall ya ɗage zaɓe a Fabrairun 2024, kotun tsarin mulki ta ce ba ta yarda ba, aka yi zaɓen ranar 24 ga Maris, Bassirou Diomaye Faye ya ci, kwana goma kacal bayan fitowarsa daga kurkuku. Ba su ɓoye cewa an rasa rayukan matasa kafin a kai nan ba.

Mun ziyarci Jami'ar Cheikh Anta Diop da cibiyarta ta IFAN, inda shi Diop ya kafa ɗakin gwajin gano shekarun kayan tarihi, don kada ɗan Afirka ya riƙa aika ƙashin kakanninsa Turai a faɗa masa shekarunsa. Mun je tsibirin Gore, mai tarihin cinikin bayi, na fito ban iya magana ba. A gari kuma, da zarar na ce daga Kano nake sai fuska ta washe, a ambaci Kaulaha da Shehu Ibrahim Inyass da Sarki Abdullahi Bayero, a jawo ni kan kwanon shinkafa da kifi da suke kira cebu jen. Karamcin nan suna da suna gare shi, teranga.

A kan irin wannan kwano ne na ji wani na kusa da ni ya amsa waya da Hausa. Da ya ajiye na ce, "Malam, ashe na gida ne?" Ya yi dariya ya ce, "Allah gafarta Malam, Badamagare ne, a Yamai nake koyarwa." Kwana uku muna ɗaki ɗaya, ina jin sa ta bakin tafinta. Da hira ta yi nisa sai ga shi shekara da shekaru yana bincike a kan fataucin da ke tsakanin Maraɗi da Katsina: wake da dabbobi da albasar Galmi masu gangarowa, hatsi da man fetur masu haurawa, da yadda rufe iyaka a 2019 da takunkumin 2023 suka karya ƙananan 'yan kasuwa. Ni kuma abin da nake bi ke nan daga kasuwar Dawanau. Fatake ɗaya muke yi wa tambayoyi, da harshe ɗaya, shi ya rubuta da Faransanci, ni na rubuta da Turanci, ba wanda ya taɓa karanta ɗan'uwansa. Abin da ya ɗaure mini kai shekaru a kan yadda 'yan canji ke daidaita naira da sefa, ya warware mini shi kafin a ɗauke kwano. Wannan rana kaɗai ta biya kuɗin jirgi.

Su kansu 'yan CODESRIA ba sa rufa-rufa a kan rauninsu. Yawancin kuɗin da ke tafiyar da ita daga masu tallafi na waje yake zuwa, kuma na ji suna faɗin haka da bakinsu a bainar jama'a, suna neman mafita. Duk da haka sun haura shekara hamsin suna aiki, suna buga mujalla, suna horar da matasa, suna ba malamin da gwamnatinsa ta kora wurin fakewa, kuma da hannunsu aka yi sanarwar Kampala ta 1990 a kan 'yancin masu ilimi.

Tsakanin Katsina da Maraɗi bai kai kilomita 100 ba, kuma kowane gari yana da jami'a. Ina roƙon shugabannin sassan tarihi da siyasa da zamantakewa na Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina, da takwarorinsu na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, su sa rana ɗaya a shekara a zauna tare, kowa ya kawo bincikensa ya gabatar da Hausa. Ni da malamin nan mun riga mun fara, ya aiko mini babi biyu na aikinsa, ina karantawa da ƙamus a gefe.