Kafin ku sayi madubin kallon taurari, ku ji abin da ya same mu

Tun ranar da muka nuna hoton nan na Kaza da Ƴaƴanta, muka kuma taɓo zancen a shirinmu na rediyo, tambaya guda ke ta dawowa daga Maraɗi, Damagaram, Tawa har Yamai: wane irin madubi kuka saya, kuma nawa ne? Amsar ba ta shiga cikin minti biyu na rediyo, shi ya sa muka zauna muka rubuta. Gara kuma mu fara da asarar da muka yi, don kada wani ya maimaita ta.

Mu biyar ne a fadarmu: mai magana a rediyo, mushen fizik na wani kolej, mai gyaran salula, tela, da ƙanenmu ɗalibi mai dafa shayi. Huɗu cikinmu muna lakwal lokacin husufin rana na 29 ga Maris 2006, wanda ya ratsa ƙasarmu. Duhu ya sauka da hantsi, kaji suka nufi akurki, masallatai suka cika. Tun daga ranar sama ta shiga ranmu. Shekaru bayan haka, kan tabarmar shayi, wani ya ce mu yi adashe mu sayi teleskop, wato madubin hangen nesa, mu ɗauki hoton taurari da kanmu. Wata huɗu muna zubi.

Da kuɗi suka taru, muka aika aka sayo mana wani dogon fari mai ƙafa uku. A jikin kwalin an zana duniyoyi kala-kala, an rubuta da manyan lambobi wai yana ƙara girman abu sau 525. Wannan lambar ce ta ruɗe mu. Daren farko, kusan rabin awa muna neman wata, wata fa, da kowa ke gani da idonsa! Da muka same shi, kafin na biyu ya sa ido ya riga ya fice. Ka taɓa abin da yatsa, ya yi ta rawa kamar ganyen gero cikin iska. Muka manna salula a bakinsa, hoton da ya fito kamar an zubar da fura a ƙasa. Tela, wanda ya fasa sayen sabon keken ɗinki saboda wannan zubi, bai ce uffan ba. Ya ɗauki takalminsa ya tafi, sati uku ba mu gan shi a fada ba. Araha ba ta ado, mun sani, amma wannan ma ba araha muka saye shi ba.

Mushe ne ya ɗauki abin da zafi. Ya yi ta karatu, sannan wani dare ya zo da takarda da biro ya zaunar da mu kamar ƴan aji. Abu biyu ya koya mana, kuma su ne gaba ɗayan zancen.

Na farko, ƙarfin madubi yana ga faɗin bakinsa. Aikinsa tara haske, kamar yadda babbar roba ta fi kofi tarar ruwan sama. Ƙara girma kuwa yana da iyaka: ka ninka faɗin bakin, a milimita, sau biyu. Namu milimita 60 ne, ke nan iyakarsa 120. Duk abin da ya wuce haka dishi-dishi ne kawai. Wannan 525 ɗin tallar ƴan kasuwa ce.

Na biyu, sama ba ta tsayawa. Duniya na juyawa sau ɗaya a awa 24, wato digiri 15 kowace awa. Cikin minti biyu kacal tauraro ya matsa kwatankwacin faɗin wata. Shi kuwa hoton taurari, sai an bar idon kamara a buɗe na tsawon lokaci, haske mai rauni ya riƙa taruwa. In kamara na tsaye sama na tafiya, taurari za su fito kamar zare. Masu wannan harka suna da lissafi mai sauƙi: raba 500 da tsawon gilashin kamara. Gilashi mai milimita 50 zai ba ka daƙiƙa 10 kafin taurari su fara jan wutsiya. Namu mai milimita 700 ko daƙiƙa ɗaya ba zai ba mu ba. Ashe abin da ya kamata mu zuba kuɗi a kai shi ne mazaunin da ake ɗora madubin, mai ɗan inji da ke juyawa a hankali yana bin sama. Mun sayi doki mun manta da sirdi.

Don haka duk mai niyya, ya fara tambayar kansa: kallo nake so ko hoto? In kallo ne, akwai madubi mai faɗi irin wanda Ishaƙ Niyuton ya ƙera a 1668, wanda ake ɗorawa a kan akwatin katako ana tura shi da hannu, ana ce masa Dobson. Yana nuna ramukan wata da zoben duniyar Zuhal da kyau, amma bai dace da doguwar ɗaukar hoto ba. In hoto ne, ƙaramin gilashi a kan mazauni nagari ya fi babban madubi a kan ƙafa mai rawa.

Muka je har shago muka ba tela haƙuri, muka sake adashe, wannan karon wata bakwai. Ba mu sayi wani madubi ba sam. Muka samo kamara ta hannu daga wani mai ɗaukar hoton biki, da tsohon gilashi mai milimita 135, da ƙafa uku mai nauyi. Mafi yawan kuɗin ya tafi ga ƙaramin mazauni mai bin sama, ƙirar Sky-Watcher, wanda ke aiki da pil huɗu, ba ruwansa da ɗaukewar kuran. Muka sa Stellarium a salula, manhajar da ke nuna wane tauraro ke ina a kowane lokaci.

Sai zaɓen dare. A nan kwanan wata na Musulunci da kowa ke riƙe da shi ya yi mana amfani: daga wajen 27 ga wata zuwa 2 ko 3 ga sabon wata, sama ba farin wata, taurari na fitowa sosai. Lokacin shekara kuma, mun gano kaka ta fi: ruwa ya wanke sama, hazon hunturu bai sauko ba tukuna. Muka tsayar da wani dare cikin Nuwamba, a gonar kawun tela, nesa da fitilun gari.

Akwai abin da ba mu taɓa gani a bayanan Turawa ba, amma a wurinmu shi ne farko. Da la'asar sakaliya muka fara zuwa gaida maigari. Kun san halin da ake ciki. Samari biyar cikin daji da tsakar dare, da wani ƙarfe mai ƙafa uku yana kallon sama, ko mu ne muka hango haka sai gabanmu ya faɗi. Muka buɗe jaka a gabansa, ya duba komai, ya yi dariya ya ce: "Ƴaƴana, ku da kuka bar kuran a birni kuka zo neman duhu?" Ya haɗa mu da wani dattijo ya raka mu. Kada wanda ya tsallake wannan mataki, kuma inda aka ce ba lafiya, a haƙura. Babu hoton da ya kai rai.

Kafa kayan kuma, ga yadda muka yi. Mun dasa ƙafafun uku a ƙasa mai tauri, domin rairayi na nutsewa a hankali ya ɓata saiti. Muka rataya jakar duwatsu a tsakiya saboda iska. Sannan aiki mafi wuya, saita gindin mazaunin ya kalli Tauraron Arewa, domin a kusa da shi ne duk sama ke kewayawa, kamar turken da akuya ke zagayawa. Tsayinsa a sama daidai yake da nisan garinku daga tsakiyar duniya. A Maraɗi da Yamai wajen digiri 13 da rabi ne, a Damagaram kusan 14, a Tawa kusan 15. Miƙe hannunka, dunƙule ɗaya digiri 10 ne, ke nan dunƙule ɗaya da ɗan ƙari daga ƙasa. A Faransa yana can sama, mu a nan bishiyar gawo ɗaya ta isa ta ɓoye shi, ƙurar hunturu kuma ta kan haɗiye shi ɗungum. Sau biyu muna ɗage kayan saboda gawo. Mun same shi ne ta bin wasu taurari biyar masu siffar harafin M a arewa, waɗanda ake kira Kasiyofe.

Sai daidaita gilashi da hannu, a kan tauraro mai haske, har ya zama ɗigo ƙarami, sannan muka manne shi da salatif don kada ya motsa. Tocila muka naɗe ta da jar leda, domin ido na bukatar wajen minti 20 kafin ya saba da duhu, farin haske kuma na rushe wannan nan take. Kowa da rufaffen takalmi, saboda kunama ba ta san ilimin taurari ba.

Muka juya ga Kaza da Ƴaƴanta. Hoto 60, kowane na minti ɗaya. Bayan nan muka rufe bakin gilashi muka ɗauki wasu 20 na duhu zalla, waɗanda ke nuna ƙurajen da zafin kamara ke haifarwa, don a cire su daga baya. Kowane hoto shi kaɗai bai da wani kyau, har tela ya fara tsaki. Washegari mai gyaran salula ya zuba su a kwamfuta, cikin wata manhaja ta kyauta mai suna Siril, ta ɗora su kan juna. Wallahi da abin ya bayyana, fada ta yi tsit. Inda ido ke ƙirga shida ko bakwai, ga taurari ɗaruruwa, ga wani shuɗin hayaƙi ya lulluɓe manyan, ƙurar sama ce da haskensu ke dukanta. Mushe ya ce hasken nan ya yi shekara wajen 440 yana tafiya kafin ya faɗo gonar kawu. Tela ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a tura masa a salula.

Mun koma ƙauyen da hoton a takarda. Dattijon da ya raka mu ya riƙe shi da hannu biyu, ya ce shi tun yana yaro yake ganin Kaza, bai san ƴaƴanta sun kai haka yawa ba. Ya roƙi a bar masa, muka bar masa.

Shi kuwa dogon farin nan na farko, ba mu yar da shi ba. Wani mai walda ya yi masa ƙafa ta ƙarfe, muka sa masa gilashin ido mafi ƙarancin ƙarfi. Yanzu yaran unguwa na layi su ga ramukan wata a daren 7 ga wata, lokacin da inuwa ke fito da su, da kuma watanni huɗu na duniyar Mushtari, waɗanda Galile ya gani a 1610 da madubin da bai kai namu ba. Sai dai kashedi, iyaye ku ji da kyau: kada a taɓa juya madubi ko tabarau mai hangen nesa ga rana. Makanta ce nan take, kuma ba ta da magani. Da rana a kulle shi a ɗaka.

Ga masu tambayar nawa za su tanada, shawararmu ita ce kada ku sayi komai tukuna. Ku fita bayan gari a ƙarshen wata, ku jingina salula a kan dutse, ku buɗe idonta daƙiƙa 10 in tana da wannan tsari, ku ga abin da zai fito. In bayan wata uku har yanzu kuna fita, to ku fara zubi, kuma mazauni za ku fara saya. Mu yanzu Andoromed muke hari, tarin taurarin da haskensa ke yin shekara miliyan 2 da rabi a hanya. Maigari ya riga ya ce a zo masa da nasa hoton. Allah ya ba mu zaman lafiya a garuruwanmu da dazuzzukanmu, ya kai mu kaka mai zuwa.