Murshidabad, garin da ido yake zama ƙosai

Wanda ya hau jirgin ƙasa a Kalkata ya nufi arewa, bayan tafiyar wajen kilomita 200 zai sauka Baharampur, bakin kogin Bagirati, cikin jihar Bangal ta Yamma, ƙasar Indiya. Shi ne babban birnin gundumar Murshidabad. Tun kafin baƙo ya ga fada ko masallaci, zai tarar da wani abu mulmulalle, baƙi-baƙi, jere cikin manyan tasoshi a shagunan masu kayan zaƙi. Sunansa canabora.

Ga yadda ake yin sa. Ana tafasa madara, a zuba ɗan tsami har ta tsinke, a tace. Abin da ya rage shi ne cana, ɗan'uwan cukunmu kafin a shanya shi. Sai a mulmula shi, a soya cikin man shanu har bayansa ya yi duhu, kana a tsoma cikin ruwan sukari. Kalmar bora kuwa tana nufin abin da aka mulmula aka soya, kamar ƙosai.

Daga wannan abin zaƙi ne mutanen Bangal suka samo magana. Idan mamaki ya kama mutum har ya zare ido, sai su ce "cok canabora". Cok shi ne ido, wato idon ya yi ƙulu-ƙulu kamar canabora. Inda Bahaushe zai riƙe baki yana salati, su ido suke dubawa.

Ɗan kasuwa zai fi saurin koyon maganar wajen ciniki. Murshidabad ta yi suna da siliki tun ƙarnuka da dama. Mai saye ya ji kuɗin turmi, idonsa ya zama canabora. Mai kaya ya ji tayi, nasa ma ya zama. Amma a lura, ba kowane mamaki ne na gaskiya ba. Suna da wata magana, "akash teke pora", wato faɗowa daga sama, wadda sau da yawa ake yi wa mutumin da ya san zance sarai amma ya nuna yau ya fara ji. Baƙon da ya kasa rarrabe waɗannan biyu, aljihunsa ne zai biya kuɗin karatu.

Magana ta uku ta fi nauyi: "akkel gurum". Akkel daga Larabci take, daga aƙal, tushen da ya ba Hausa kalmar hankali. Gurum kuwa ƙarar igwa ce. Ana faɗin ta idan abu ya auku wanda ya sa hankali ya tarwatse, mutum ya rasa ta cewa. Ba a rasa igwa a garin ba: kusa da masallacin Katra akwai wata mai suna Jahan Kosha, wadda aka ƙera a Daka a shekara ta 1637, nauyinta ya zarce tan 7.

Tarihin garin shi ne babban malamin wannan magana. A farkon ƙarni na 18 Murshid Kuli Khan ya ɗauke gadon mulkin Bangal daga Daka ya kawo nan, garin ya ci sunansa. Shi ya gina masallacin Katra, kuma ƙarƙashin matakalarsa aka rufe shi. Arziki ya haɓaka, har Baturen Ingila Robert Clive ya kwatanta birnin da Landan wajen girma da dukiya. Kuɗin ƙasar kuwa yana hannun gidan attajirai da ake kira Jagat Set, ma'ana ma'ajin duniya, masu ba sarki da Turawa rance.

Ranar 23 ga Yuni 1757, sarkin Bangal Sirajud Daula ya fita Palashi, kudu da birnin, da dakaru wajen 50.000, har da ƴan Faransawa kaɗan masu harba igwa. Clive mutum wajen 3.000 gare shi. Ruwan sama ya sauka ya jiƙa albarushin sarki, Turawan Ingila kuwa sun rufe nasu. Babban abin ma shi ne, sarkin yaƙinsa Mir Jafar ya riga ya ƙulla da Clive, da sanin gidan Jagat Set, ya tsaya da rundunarsa yana kallo. Kafin rana ta faɗi an gama. Ba a yi kwana goma ba aka kama Siraj aka kashe.

Attajiran sun zaci sun sauya sarki ne kawai. A 1763 wani sarkin, Mir Kasim, ya sa aka kashe shugabannin gidan. A 1772 Warren Hastings ya mai da baitulmali Kalkata, ciniki ya bi kuɗi, gidan ma'ajin duniya ya durƙushe. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa, amma su ba su ga ranar tana tafe ba.

Yau maziyarta suna tururuwa zuwa fadar Hazarduwari, mai ƙofa dubu, wadda aka gama a 1837, lokacin da sarauta ta zama suna kawai. An mai da ita gidan adana kayan tarihi. Wasu ƙofofinta na ƙarya ne: a tura, a tarar da bango. Masu zagayawa da baƙi sukan tsaya gefe suna jiran idon baƙo ya zama canabora.

Duk wanda Allah ya kai shi can, ya ɗanɗani canabora a Baharampur, ya riƙe maganganun nan uku. Ta farko za ta sa mai shago dariya, ta biyu za ta tsare masa aljihu. Ta uku kuwa, ya ajiye ta sai ya isa filin Palashi.