Tsohuwar Kwamfuta da Cututtukanta Uku

Cikin dukan abubuwan da kan sami kwamfuta, babu wanda ya fi tayar da hankalin mai ita kamar a kunna ta, fuskarta ta ƙi kawo haske. Idan wani maɓalli ne ya daina aiki, ko sauti ya ɗauke, mutum yana ganin abin da ya rage, har ya yi dabara. Amma idan fuska ta yi baƙi ƙirin, fanka na juyawa a ciki, 'yar fitila na ci a gaba, to, an rufe masa ƙofar da yake leƙa dukiyarsa. A nan ne mutane da yawa kan yanke hukunci cewa na'ura ta mutu. Sau da yawa kuwa ba ta mutu ba, kuma abin da aka ajiye a cikinta yana nan daram. Abin da kan halaka ajiyar shi ne gaggawar masu neman magani.

Saura ƙiris haka ta faru da wani dattijo a cikin birnin Kano, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya. Kwamfutarsa irin ta kan tebur ce, ya saye ta gwanjo a titin Beirut, inda ake hada-hadar kwamfutoci da wayoyi. Ƙwaƙwalwarta Pentium 4 ce, babbar manhajar da ke tafiyar da ita kuwa Windows XP, wadda ta fito a 2001. 'Ya'yansa sun sha yi masa tayin sabuwa, yana cewa a bar shi da tsohuwarsa.

Yana da dalili. Shekara da shekaru yana bin tsofaffin unguwarsu, yana rubuta tatsuniyoyi da karin magana da waƙoƙin daka daga bakinsu, da dare kuma ya zauna ya buga su. Yawancin waɗannan tsofaffi sun riga mu gidan gaskiya, littattafan da ya yi rubutun farko a ciki kuma gara ta cinye wasu. Ban da wannan, da wani tsohon salon harafi ya buga aikin. Kafin tsarin Unicode ya yaɗu a hannun jama'a, masu rubuta Hausa sukan yi amfani da haruffa na musamman, waɗanda aka ɗora ɓ da ɗ da ƙ a gurbin wasu alamomi. Idan aka buɗe irin wannan rubutu a kwamfutar da ba ta da salon harafin, sai haruffa masu lanƙwasa su ɓace, alamomi su fito a madadinsu. Malam ya taɓa ganin haka a wani shagon buga takardu, tun daga ranar bai ƙara yarda da kwamfutar kowa ba.

A wani hunturu sai tsohuwar monitarsa, mai tudun baya irin na talabijin ɗin da, ta ƙone. Aka kawo masa ta zamani, marar kauri. Da aka haɗa aka kunna, sunan kamfani ya fito, tambarin Windows ma ya fito, daga nan sai duhu, da wani ɗan saƙo na Turanci yana yawo a tsakiya. Wani yaro mai gyara ya ɗauke akwatin ya tafi da shi shago. Bayan kwana biyu ya dawo da shi, aka kunna, ko sunan kamfanin ma bai ƙara fitowa ba, sai wani kuka da na'urar ke yi. Yaron ya ce babu mafita sai a goge komai a sake loda mata manhaja, in kuma ta ƙi, a sayar wa 'yan gwangwan. Malam ya tambaye shi ko gogewar za ta taɓa rubutun. Da ya ji amsa, sai ya ce a bar kaza cikin gashinta. Ya lulluɓe kwamfutar da tsohon zane, ya yi mako guda ba ya iya barci sosai.

Wadda ta warware matsalar 'yar ƙanwarsa ce, wadda ta karanci ilimin kwamfuta. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, saboda haka ba ya kiran sunanta, sai dai ya ce uwata. Da ta zo, bayan gaisuwa, ba ta taɓa komai ba tukuna.

"Kawu, a wane lokaci take yin duhu? Kafin tambarin Windows ya fito, ko bayan ya fito?"

"Uwata, duhu ai duhu ne. Da bambanci?"

"Da bambanci ƙwarai, Kawu. Amsar wannan tambaya ita ce rabin gyaran."

Gaskiyarta kuwa, domin tashin kwamfuta hawa-hawa ne. Da zarar an danna maɓalli, wata ƙaramar manhaja da ke zaune a jikin babban farantin na'urar, wadda ake kira BIOS, ita ke fara farkawa. Takan duba ƙwaƙwalwa, da ma'ajiyar wucin gadi da masu gyara ke kira ram, da katin hoto, wato sashen da ke aika wa monita abin da za ta nuna. A wannan mataki hoton mai sauƙi ne, kowace monita tana iya ɗaukarsa. Sai a mataki na biyu Windows ke karɓar ragama, ta nuna tambarinta, sannan ta kira direban katin hoto. Wannan direba ba mutum ba ne. 'Yar manhaja ce da ke yin tafinta tsakanin Windows da katin, kuma kowane irin kati da nasa. Idan duhu ya zo tun kafin a ga komai, laifin yana jikin ƙarfe: kati, ko waya, ko monita. Idan kuwa sai bayan tambari ya zo, ƙarfe ya riga ya nuna lafiyarsa, sai a tuhumi direba ko saitin da aka yi masa.

Ta kunna, ta kasa kunne. Kuka ɗaya dogo, biyu gajeru. Tun da BIOS ba ta da hanyar rubuta ƙorafinta idan fuska ba ta aiki, da sauti take magana. Ma'anar kukan ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma a na'urori da yawa na wancan zamani, ɗaya gajere na nufin lafiya lau, dogo ɗaya da gajeru biyu kuwa na nufin ba a ga katin hoto ba.

Ta zare wayar wuta daga bango, ta kwance murfin, ta dafa ƙarfen akwatin domin lantarkin da kan taru a jikin mutum, musamman a lokacin hunturu, kada ya lalata wani abu. Ciki ya cika da jar ƙura. Katin hoton yana zaune a wani dogon rami da ake kira AGP, irin wanda ya fara bayyana a 1997, kafin PCI Express ya maye gurbinsa. Gefe ɗaya na katin ya ɗan ɗaga, alamar an cire shi ba a mayar da kyau ba. Ta zare shi, ta kakkaɓe ƙurar da burushi mai laushi, ta goge haƙoransa masu ruwan zinariya, ta danna shi har ya zauna daidai. Ta kuma dubi kafasitocin da ke tsaye a kan farantin kamar ƙananan gwangwanaye, domin na'urori da yawa da aka ƙera a farkon shekarun 2000 sun zo da marasa inganci, masu kumbura su tsiyaye. Na Malam kawunansu a shafe suke, ba kumburi.

Kafin ta mayar da wayar monita, ta nuna masa bakinta: allurai 15, sahu uku, biyar-biyar. Irin wannan mahaɗi, mai suna VGA, kamfanin IBM ne ya fito da shi a 1987. Allurai uku na farko su ke ɗauke da ja da kore da shuɗi, saboda haka idan ɗaya ta lanƙwashe, sai launin hoto ya jirkice. Ta kuma lura cewa akwatin yana da irin wannan baki har biyu, ɗaya a jikin faranti, ɗaya a jikin kati. Wanda ya soka waya a na farantin alhali kati na zaune, galibi duhu zai gani, ko da komai lafiya yake.

Aka kunna. Kuka ɗaya gajere, sunan kamfani ya fito. Malam ya ce, "Alhamdu lillahi!" Tambarin Windows ya biyo baya, sai fuska ta yi shuɗi da fararen rubutu, na'ura ta mutu ta sake tashi da kanta. Murna ta koma ciki.

"Kada ka damu, Kawu. Cuta ɗaya ta tafi, shi ya sa ta biyu ta samu damar nuna kanta."

Da na'urar ta sake tashi, ta yi ta danna maɓallin F8 kafin tambari ya fito, sai ga jerin zaɓi fari a kan baƙi. Biyu daga cikinsu su ne abin nemanta. Wanda aka rubuta wa Enable VGA Mode yana tashin Windows da direban da ke kai, amma ya tilasta masa nuna ƙaramin hoto mai ɗigo 640 a kwance, 480 a tsaye. Wanda aka rubuta wa Safe Mode kuwa yakan ajiye direban gefe, ya yi aiki da wani na gama-gari da Windows ke tafe da shi. Ta gwada na farko, shuɗin ya dawo. Ta gwada na biyu, sai ga fuska ta buɗe, gumaka manya-manya, launi a dishe. Wannan ya tabbatar mata cewa direban ne ba shi da lafiya. Ashe yaron ya ɗora wani daga faifan da ya tara direbobi barkatai, wanda ba na wannan kati ba ne.

Malam bai kula da munin hoton ba. Idonsa yana kan jakar da ya sa wa suna Tatsuniyoyi. Tana nan inda ya bar ta. Ya miƙa hannu zai buɗe, sai ta ce ya dakata, ba a fafe gora ranar tafiya. Ta ciro filashi daga jakarta, ta kwafe rubutun duka, ta shiga inda Windows ke ajiye haruffa ta kwafe tsohon salon harafin shi ma. Sai da ta ga komai ya shiga sannan ta ci gaba da gyara. Windows XP tana da wata dabara da waɗanda suka gabace ta ba su da ita: idan aka sauya direba, takan adana tsohon, a iya komawa gare shi da danna maɓalli ɗaya a wurin da ake lissafa sassan na'ura. Ta danna, tsohon direba ya dawo.

Aka sake kunnawa. Tambari ya wuce, shuɗi bai zo ba, amma duhun farko ya dawo tare da ɗan saƙon nan mai yawo. Ta karanta masa: monita ce ke cewa abin da ake aiko mata ya fi ƙarfinta. Wannan ita ce cutar asali, wadda tun ran farko take bayyana kanta da bakinta, ba wanda ya saurara. Tsohuwar monita mai tudun baya takan yi ƙyafƙyafta idan tana sabunta hoto sau 60 kawai a daƙiƙa, har ido ya yi ciwo, shi ya sa akan ɗaga ta zuwa 75 ko 85. Ta Malam a 85 take. Monitoci marasa kauri kuwa ba su da wannan ƙyafƙyafta, kuma da yawansu ba sa karɓar abin da ya wuce 75. Windows ta ci gaba da aika wa sabuwa abin da ta saba aika wa tsohuwa. A wannan karo zaɓin farko na F8 ya yi aiki. Ta sauke adadin zuwa 60, ta daidaita girman hoto a kan 1280 da 1024, wanda shi ne asalin ma'aunin monitar mai inci 17. Fuska ta fito tangaram.

Ta ƙara da abu biyu kafin ta tafi. Agogon na'urar ya koma baya da shekaru, alamar ɗan batirin da ke kan faranti, mai kama da kwabo, ya mutu. Lambarsa CR2032, kuma idan ya ƙare, BIOS takan manta saitinta duk lokacin da aka ɗauke wuta. Ta ce a sayo a sauya. Na biyu, ta roƙe shi kada ya haɗa wannan kwamfuta da intanet, domin kamfanin Microsoft ya daina toshe ɓarakar Windows XP tun ranar 8 ga Afrilu, 2014.

Abin lura a nan shi ne, cuta ɗaya ce tak ta shigo da kanta, kuma lamba ɗaya za a sauya ta warke. Sauran biyun magani ne ya kawo su. Yaron ba mugu ba ne, kuma ba ya rasa sanin aiki. Ya dai fara ba da magani kafin ya tambayi inda ke ciwo, sannan ya sauya abu biyu a lokaci guda, har ba a iya gane wanne ya jawo wanne. Ita kuwa abu ɗaya take taɓawa, ta kunna, ta duba, sannan ta matsa gaba. Hanyar lafiya, in ji Hausawa, a bi ta da shekara.

Kwamfutar ba za ta dawwama ba, Malam ma ya san haka. Yanzu kwafi ɗaya na aikin yana cikin akwatinsa tare da takardun gida, ɗaya yana hannun 'yar ƙanwar tasa. Ita ce take bin rubutun fayil-fayil, tana mayar da ɓ da ɗ da ƙ zuwa tsarin Unicode, domin jikokin tsofaffin nan su iya karanta maganar kakanninsu a kowace waya, a Kano suke ko a Kumasi.