Hutun da Muka Ba Inna

Da asubar wata Talata Yaya ya kira ni daga Rano, muryarsa na rawa, ya ce Inna ta karye. Na tambaye shi ko mota ce ko babur. Ya ce babu ko ɗaya. Alwala ta tashi yi, ƙafarta ta zame a kan tayil, ta dafa ƙasa da hannun dama don kada ta kife, shi ke nan wuyan hannun ya tafi. Faɗuwar da ko yaron goye zai yi ya tashi ya ci gaba da wasansa.

A mota daga Kano har Rano, abin da ya yi ta yi mini yawo a kai shi ne hannun nan. Na san shi tun ina goye. A gidanmu na Kibiya, kafin rana ta fito ya gama surfe, ya ja ruwa guga ashirin a rijiya, ya share tsakar gida. Lokacin kakar gyaɗa shi ke suya, shi ke matsar mai, shi ke murza ƙuli-ƙulin da aka biya mana kuɗin littafi da shi. Inna kan tafi barka ko gaisuwar mutuwa ƙauyukan da ke kewaye da mu a ƙasa, ta dawo ta ɗora tukunyar tuwo. Ban taɓa jin ta ce ƙashinta na ciwo ba.

Da Baba ya rasu ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Tana fita, muka taru mu 'ya'yanta muka yanke shawarar cewa wahala ta ƙare. Muka ɗauko ta daga Kibiya muka kawo ta gidan Yaya a Rano, ɗaki mai fanka da banɗaki a ciki. Muka ɗaukar mata yarinya mai aiki. In ta ɗauki tsintsiya a karɓe, in ta nufi madafa matar Yaya ta ce, "Haba Inna, muna nan kuma ki yi aiki?" Ni na fi kowa zaƙewa, don duk zuwan da zan yi sai na ja kunnen mutanen gidan kada a bar ta ta ɗaga ko buta. Ta sha ce mini, "Auta, jikin nan nawa mutuwa yake yi." Sai in yi dariya in ce, "Hutu ne ba ki saba da shi ba, Inna." Haka ta shekara huɗu tsakanin gado da sallaya, carbi a hannu, rediyo a gefe.

Yaya ya so a kira mai ɗori, na dage muka wuce Asibitin Ƙashi na Dala. Likitan ya ɗaga hoton hannun ya nuna mini. Ya ce karayar za ta haɗe, abin da ya fi damun sa shi ne ƙashin kansa, ya yi shara-shara kamar itacen da gara ta ci ta ciki. Sai ya juya wajen Inna ya tambaye ta, "Mama, daga safe zuwa dare me kike yi?" Ta kalle ni, ta kalli Yaya, ta ce, "Zama." Ya tambaye ta yaushe rabon ta da zama a rana, me kuma take ci. Duk amsar da ta bayar, ni nake jin nauyinta.

Abin da ɗan boko mai ɗan albashi ya iya na yi. Na shiga babban kantin magani na kwaso robobin ƙwayoyin ƙarin sinadari: kalsiyam, bitamin D, da wata mai tsada da aka zana farin ƙashi a jikinta. Kusan rabin albashina ya tafi, amma na ji sanyi a raina, kamar na biya wani bashi. Ranar komawa asibiti na zube su a teburin likita. Ya ware biyu ya ce su za ta sha, sauran in mayar in za a karɓa. Ya ce, "Malam, ka sayo bulo ka tara a ƙofar gida. To wa zai yi ginin? Ƙashi ba ya ɗaukar abin da ka ba shi sai ya ji nauyi a kansa."

Maganar ta tsaya mini, na koma na yi ta karatu a kanta. Ashe ƙashi abu ne mai rai, kullum jiki na rushe tsoho yana gina sabo, kuma kusan kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jikin mutum a ƙashi da haƙora yake. Tun a 1892 wani likita Bajamushe, Julius Wolff, ya bayyana cewa ƙashi na ginuwa ne gwargwadon nauyin da ake ɗora masa, in aka sauke nauyin sai ya fara raguwa. 'Yan sama jannati sun fi kowa sanin wannan. A can inda jiki ba ya da nauyi, ƙasusuwan ƙugu da ƙafa kan ragu da kashi 1 zuwa 1.5 cikin 100 a kowane wata, alhali mutane ne masu ƙoshin lafiya da ake auna musu abinci. Ƙwayar kalsiyam ba ta hana wannan ba, shi ya sa suke shafe kimanin awa biyu kullum suna motsa jiki da na'urori. Ga mace kuma, da zarar al'ada ta ɗauke, zaizayewar ƙashi kan ƙara sauri. Inna ta riga ta shiga wannan shekarun, mu kuma muka zo muka sauke mata ɗan nauyin da ke riƙe da ƙashin.

Wannan ba ya nufin ƙwayoyin banza ne. A 1992 an yi gwaji a Faransa kan tsofaffin mata fiye da 3,000 da ke zaune a gidajen kula da tsofaffi, aka ba rabinsu kalsiyam da bitamin D kullum, karayar ƙugu ta ragu sosai a cikinsu a wata 18. Amma a 2022 wani babban gwaji a Amurka kan mutane fiye da 25,000 masu harkokinsu, waɗanda yawancinsu ba su da ƙarancin bitamin D, ya nuna shan sa na kimanin shekara biyar bai rage musu karaya ba. Nan gida ma, binciken da aka buga a 1999 kan yaran Jos masu lanƙwasassun ƙafafu ya gano cewa kalsiyam ne ya yi musu ƙaranci a abinci, kimanin miligiram 200 kawai suke samu a rana, kuma da aka ba su shi ƙafafun suka fi saurin warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai. Abin da na fahimta shi ne, ƙwayar na cike gurbi ne ga wanda yake da gurbin. Inna tana da shi, tunda ba rana ba abincin kirki, don haka ta sha. Amma wanda ya zauna wuri ɗaya, ko kwali guda ya shanye, ƙashinsa zai ci gaba da raguwa.

Ko abincin ma mu muka ɓata. A Kibiya kusan kullum sai ta dama fura da nonon da Fulani ke kawowa, miyarta kuka ce ko zogale, da daddawa da ɗan busasshen kifi da ake dakawa har ƙayarsa. Duk waɗannan akwai kalsiyam a cikinsu. Mu da muka tashi gatanta ta, sai shinkafa da taliya da biredi da lemon kwalba. Ana so mace mai shekarunta ta samu kimanin miligiram 1,200 a rana, kofi ɗaya na madara kuwa yana ba da wajen 300. Likita ya ce a fara da tukunya, ƙwaya ta cike saura, kuma kada ta wuce miligiram 500 a sha ɗaya, tare da abinci, don fiye da haka jiki ba ya iya ɗauka da kyau, ga taurin bayan gida, ga barazanar tsakuwar ƙoda in an yi yawa. Ya kuma ƙara mata wani magani na daban, na rage zaizayewar ƙashin, wanda ake sha sau ɗaya a mako da safe kafin a ci komai, a zauna a miƙe rabin awa.

Sayen magani da canza miya duk masu sauƙi ne. Inda aka yi rigima shi ne mayar mata da aikinta. Yaya ya ce, "Yanzu baƙo ya shigo ya tarar da Inna da tsintsiya, me za a ce da ni a garin nan?" Ban ga laifinsa ba, don haka aka rene mu, ɗan kirki shi ne wanda uwarsa ta huta. Kuma tsoronsa na kada ta sake faɗuwa gaskiya ne, karayar ƙugu a wannan shekarun takan kwantar da tsoho har ƙarshe. Gwaggo ce, yayar Inna da har yanzu ke noman gyaɗarta a bayan gida a Kibiya, ta raba gardamar da ta zo dubiya. Ta ce, "Kun yi gyaran gangar Abzinawa. Ku sakar mini ƙanwata ta motsa, motsi ya fi laɓewa."

Muka shimfiɗa tabarmar roba a banɗaki, aka kafa ƙarfen dafawa, aka ƙara fitila a hanyar da take bi da asuba. Da aka cire filasta, ta fara zaga tsakar gida da hantsi, rana na dukan hannuwanta da ƙafafunta. Daga nan ta karɓi ba wa awaki dusa, sai shara, sai tafiya gidajen maƙwabta a ƙasa da jikarta a gefe. Likita ya hana ta ɗaukar kaya mai nauyi da yawan sunkuyo, ya kuma faɗa mana gaskiya cewa abin da ya zube a shekara huɗu ba duka zai dawo ba. Abin da ake nema shi ne a tsare wanda ya rage.

Watan jiya na kai ta suna Kibiya. Ina zaure da maza sai na jiyo luguden mata a ciki, na leƙa. Inna ce tsaye a bakin turmi, ta karɓi ƙaramar taɓarya daga hannun wata yarinya. Ƙafata har ta ɗaga zan je in karɓe. Gwaggo ta harare ni daga inda take zaune, na tsaya. Inna ta yi bugu bai fi goma ba, ta miƙa wa yarinyar, ta goge gumi da gefen mayafinta, sannan ta hango ni ta ce, "Auta, koma wajen maza, nan ba wurinka ba ne."